Ruwan Tekun Mai Kifi

Har in tsufa ba zan taɓa mantawa ba da abin da na yi wa hancin Abban Ummi lokacin kullen korona. Muna zaune a unguwar Cheras da ke Kuala Lumpur, a Malesiya, shi yana karatun digirinsa na uku, ni kuwa daga kicin sai falo. Kwatsam mura ta kama shi, hanci ya toshe, ya daina jin ƙanshin komai.

Na ce na shiga uku. In korona ce ɗauke shi za a yi, a bar ni da jaririya a garin da ban iya Turanci ba balle yarensu. Na kira Yaya Binta a Kano ina kuka.

"Ke dai sakarya ce wallahi," ta ce. "Ruwan teku zai shaƙa, Turawa ma da shi suke wanke hanci. Ke da kike zaune a bakin teku!"

(Mutanen gida gani suke duk Malesiya tsakiyar ruwa take. Babu teku a Kuala Lumpur, kuma 'yan sanda sun tare hanyoyin fita.)

Sai na tuno mai kifin kasuwarmu da kwatarniyar gilashinsa mai ƙaguwa masu rai. Ai daga teku suke, ruwansu ma haka! Na je na miƙa masa gora, na nuna ruwan.

"Tapau, boleh?" na ce, ɗan abin da na tsinta a yarensu ke nan, wato ko za a zuba mini in tafi da shi.

Ya dubi gorar, ya dube ni, ya cika yana girgiza kai.

Na juye wa Abban Ummi a kofi, ya ɗauka irin ruwan tekun wanke hanci na kemis ne. Ya shaƙa kamar mai alwala, ya yamutsa fuska.

"Maman Ummi, ƙarni nake ji."

Har guɗa na yi, wai hanci ya buɗe.

Washegari fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ido jawur. Muka nufi asibiti, ina goye da Ummi ina ta salati. Gwaji ya nuna ba korona. Likitar ta tambayi me ya zuba a hanci, ya ce matarsa ce ta sayo, ya juyo zai yi mini tafinta.

"Wane kemis?"

"Ba kemis ba ne."

Ya fassara.

"Wajen mai kifi ne. Ruwan ƙaguwa."

Bai fassara ba. Kallona kawai yake ta saman takunkumi.

"Ruwan me, Hadiza?"

Da ya daure ya faɗa, wata nas da ke wurin ta juya baya, kafaɗunta na rawa. Likitar ta ce na kemis tacewa ake yi, a kashe ƙwayoyin cuta, a rage gishiri. Nawa kuwa har da kashin ƙaguwa.

Kwantar da shi suka yi. Na koma gida ni da Ummi, rabuwar da nake gudu na haɗa ta da hannuna.

Ya warke, alhamdulillahi, ya kuma yafe. Ni dai na koyi cewa maganin Yaya Binta, sai ta fara gwadawa a hancin nata mijin.