Ranar da Na Yaye wa Mai Gita Amawali

Ko da zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na hau dandamali a gidan matasa na Tanout ba, alhali babu wanda ya kira ni. Ni tela ne. Waƙa ban iya ba, rawa kuwa matata ta ce idan ina yi kamar ina taka keken ɗinki.

Abokina Lawali ne ya ja ni. Wasu Abzinawa masu kiɗan gita sun sauko daga arewa, ya ce in rufe shago bayan la'asar in zo in sha iska, fuskata ta daɗe a murtuke. Gaskiyarsa. Ƙanena Sani ya tafi haƙar zinariya Jado shekarun baya, ya ɗan riƙa kiranmu, daga nan shiru. Ba gawa, ba labari. Har yau Innarmu ba ta yarda kowa ya kwanta a tabarmarsa ba.

Sani bahago ne, kuma mayen gita. Juya ta yake yi ya kaɗa da hagu, yana buga ƙasa da diddige, kansa a karkace kamar mai ciwon wuya.

Muka yanki tike, muka sami benci a tsakiya. Kiɗa ya ɗauka, samari suka cika fili, har na fara gyaɗa kai. Sai idona ya faɗa kan makaɗin da ke gefe, mai shuɗin rawani, wanda idanunsa kawai ake gani. Da hagu yake kaɗawa. Diddigensa na buga ƙasa. Kansa a karkace.

"Lawali, dubi na gefen can. Sani ne."

"Yaushe Sani ya zama Ba'abzine? Zauna, don Allah."

"Wanda ya daɗe a cikinsu ba zai naɗa rawani ba?"

Nan take na gama tsara labarin a kaina: ya dawo hannu wofi, kunya ta sa ya rufe fuska. Har haushinsa na ji, a ce yaro ya shigo garinsu bai je ya gaida uwarsa ba.

Duk ɗan ƙasarmu ta Damargu ya san ba a taɓa amawalin Ba'abzine, wato ɓangaren rawanin da ke rufe baki. Ko abinci ta ƙarƙashinsa wasu ke ci. Ni da nake yi musu ɗinki na fi kowa sani (wannan ne ke hana ni barci). Amma na ture mutane, na haye dandamali, na ce, "Sani, Inna tana jiranka," ban lura bakina na daf da mikron lasifika ba. Na kama amawalin na ja ƙasa.

Dattijo ne. Gemunsa da furfura, ya girme ni nesa ba kusa ba.

Kiɗa ya tsaya cak, sai ƙarar janareto. Wasu suka tuntsire da dariya, wayoyi suka tashi sama. Waɗanda suka san gidanmu kuwa suka sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi dariyar yi mini ciwo. Masu gadi suka cafke wuyan rigata. Mutumin ya mayar da amawalinsa a hankali, sannan ya ce, "Ku sake shi." Ya dube ni. "Ɗanka ne?"

"Ƙanena."

"Allah ya bayyana shi."

Na sauko ina kuka kamar yaron da aka yaye, takalmina ɗaya ma a can na baro shi.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Inna tana tsince wake a faifai, na durƙusa ina jiran faɗa. Ba ta ɗago ba.

"An ce bahago ne."

"E, Inna."

"Ka dai duba da kyau?"

"Na duba, Inna. Duk gari ma sun taya ni dubawa."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsintar wakenta. Da ma zagina ta yi.

Na yi hankali tun daga ranar. Yanzu idan masu gita sun zo, bencin baya nake zama, in danne hannuwana da cinyoyina, idan na ga bahago in jira a tashi in yi masa sallama kamar mutum. Zuwan ne dai ban iya dainawa ba. Kuma idan na dawo gida, Inna ba ta taɓa tambayata ko kiɗa ya yi daɗi ba, sai dai ko na duba da kyau.