Rasuwar Dakata, Tayar Tsakiyar Titi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da bakin da ya gaji da zagin direbobi, ni Sadi mai goro na Adjamé Liberté nake sanar da 'yan uwa da abokan tsallaka titi rasuwar tayata, Dakata. Ta cika ranar Talata da hantsi a bakin aikinta, a tsakiyar babban titin da ya raba unguwarmu da kasuwa.

Marigayiyar 'yar Treichville ce. Ta yi ƙuruciyarta a ƙarƙashin tirela tana jigilar shinkafa daga tashar jirgin ruwa, har ta suɗe aka jefar da ita. Na turo ta a kura shekara takwas da suka wuce, sati ɗaya bayan wata gbaka, motar hayar nan da ba ta ga maciji da birki, ta take ƙanena Kailu a wurin da buhun goro a ka. Na shafa mata fenti ja da fari, na cika cikinta da yashi, na kafa mata sanda da jan ƙyalle, na ajiye ta a tsakiyar titin don direbobi su rage gudu.

Baiwar Allah ce mai haƙuri. Ba ta taɓa miƙa wa direba hannu ba, ba ta taɓa tafiya hutun Sallah ba, ruwan watan Yuni a kanta ya ƙare. Maganarta ɗaya ce a duniya: dum! Duk wanda ya ji wannan dum ɗin ya san ita aka buga, ba shi ba.

Ciwon ajalinta na zuci ne. Bara masu ƙidaya suka zo daga wani ofis, suna neman wuraren da hatsari ya fi yawa don a gina gadar ƙafa. Muka yi murna, har shayi muka dafa musu. Ashe ba da bakinmu suke ƙidaya ba, da konsta ne, wato takardar da 'yan sanda ke rubutawa in an yi hatsari. To mu kun san halinmu. Mutum biyar titin nan ya ci mana kafin zuwan Dakata, kowanne mun kwashe shi kafin 'yan sanda su iso don kada ya kwana a mutuware, mun yi masa sutura kafin la'asar, mun ce ƙaddara ce, mun yafe wa direba. Ni da hannuna na ɗauki Kailu. Bayan zuwanta kuma babu wanda ya mutu. Da aka buɗe takarda, sai ga mashigarmu fes, ko kaza ba a taɓa takewa ba! Gada ta tafi unguwar waɗanda suka iya zama kusa da gawa su jira biro.

Tun daga nan Dakata ba ta sake lafiya ba. Gefenta ya tsage, yashi yana zuba, ƙyallen ya koɗe. Wata tifa ce ta ƙarasa ta, ko dum ɗin ba ta samu ta yi ba.

Ta rasu ta bar ramuka uku, da fitilar titi ɗaya da ba ta taɓa kamawa ba, da matata Mero, wadda ke tsallaka wurin sau huɗu a rana da robar abinci a ka, ga ciwon gwiwa. Jiya ina tsallake ina kallonta, ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye. Wallahi tsoro nake ji.

Game da jana'iza: babu wanka, babu likkafani, babu gaggawa. Gawar tana nan inda ta faɗi, kada wanda ya taɓa. Maƙwabcina Musbahu, da yake bakinsa ya iya Faransanci, yana sintiri wurin 'yan sanda tun ranar Talata. Ko wata guda za a yi, sai an rubuta mata konsta, ta zama mamaciyarmu ta farko da ta shiga takarda.

Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a bakin titi. Masu zuwa daga ɓangaren kasuwa, don Allah kada ku tsallako. Ku ɗaga hannu daga can ku yi mini yako, gaisuwar mutuwa ta garin nan, na karɓa. In kuma kun ga Mero da roba a ka, wani ya riƙe mata hannu.