Rasuwar Malama, Wadda Ta Ce Saura Kilomita Talatin da Huɗu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani fushi da har yanzu ban sami inda zan sauke shi ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Malama, wato 'yar kwamfutar nan da ke bayan sitiyarin tsohuwar motata, mai faɗin yawan man da mota ke sha da kilomitocin da suka rage kafin tanki ya bushe. Ta rasu ranar Talata da hantsi a gefen titi, tana da shekara goma sha tara a duniya, goma sha ɗaya daga ciki a hannuna.

Yarana ne suka raɗa mata Malama, saboda ba ta buɗe baki sai da lissafi. Marigayiya ba ta da hayaniya. In ka murɗa makulli da safe, sai ta ce "tin" sau ɗaya, ta kunna koren haskenta, ta jera maka lambobi. In mai ya yi ƙasa ta ce "tin-tin-tin", cikin ladabi, kamar mai sallama a ƙofar gida. Tun da allurar mai ta kwanta shekara shida da suka wuce ba ta sake tashi ba, Malama ce ta ɗauki nauyin gidan nan ita kaɗai. Na yarda da ita yardar da ban yi wa wasu 'yan uwana na jini ba.

Kuma na sha faɗa a kanta, Allah shaida. Uwar yara ta sha gaya mini in mai ya kai rabi in tsaya in ƙara, na ce mata ba ita ke tuƙi ba. Rewayan da ke gyara mana wayoyin mota ya ce abin da ke auna mai a cikin tankin ya cinye, da zarar an yi ƙasa da kwata Malama canki-canki take yi, na ce masa ya tsaya kan wayoyinsa. Mijin ƙanwata kuwa, wanda ya sayi sabuwar mota ya hana kowa sakat, duk zuwansa sai na ja shi har bakin sitiyari na nuna masa: lita shida a kilomita ɗari, tsohuwar mota! Ya yi ta girgiza kai yana cewa ba zai yiwu ba, ni kuma ina jin daɗi har cikin raina.

To ga yadda ta saka mini, munafuka, Allah Ya ji ƙanta.

Babbar 'yata shekara biyu tana karatun jarrabawar shiga makarantar aikin jinya. Sau ɗaya ake yin ta a shekara. Yarinyar nan ta daina zuwa biki, ta daina kallo, ta cika bangon ɗakinta da zanen ƙasusuwa da jijiyoyi har ƙannenta suna tsoron shiga. Ranar Talata ce ranar, ƙarfe tara ake rufe ƙofa, kuma wurin kilomita ashirin da takwas ne daga gida. Ta ce za ta bi motar haya. Na ce ina raye? Ni zan kai ta da kaina.

Mun fito bakwai da rabi. Malama ta ce "tin", ta nuna saura kilomita sittin da ɗaya. Muka zo gidan mai na bakin mahaɗa, motoci kamar takwas a layi. Yarinyar ta ce, "Baba, da mun tsaya ko kaɗan ne, ai da lokaci." Kuɗin man yana aljihuna. Na ƙwanƙwasa gilashin Malama da yatsa, na ce mata ta karanta da kanta, ita da ta iya lissafi. Muka wuce.

Daga nan muka faɗa cunkoso a hawan gada. Minti arba'in muna rarrafe, ƙafata a kan kuloci, rana ta fara zafi. Malama tana saukowa a hankali, da natsuwarta, hamsin da biyar, arba'in da takwas, arba'in. Can sai mota ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Na murɗa makulli, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Na dubi marigayiya, wallahi ko kunya babu, koren haskenta tar, ta rubuta saura kilomita talatin da huɗu. Ko "tin-tin-tin" ɗin ba ta yi ba. Shekara goma sha ɗaya tana damuna da shi a ranakun da ba komai, ranar da nake buƙatarsa ta haɗiye.

Yarinyar ta buɗe ƙofa. Ta ɗauki jakarta da katin jarrabawa, ta cire takalmanta masu santsi ta riƙe a hannu, ta kutsa tsakanin motoci da gudu tana neman mai babur. Ina kallon bayanta har ta ɓace. Ta isa tara da minti goma sha ɗaya. Mai gadi ya ce shi umarni aka ba shi.

Game da ciwon ajali, ba zan ɓoye wa jama'a ba. Gajeruwar rashin lafiya ce. Sifanar taya ce ta same ta sau uku a fuska, kuma sifanar tana hannuna. Direbobin da suka taya ni tura motar gefe su ne suka riƙe ni.

Marigayiya ta bar 'yar uwarta allurar mai, wadda ke kwance tun tuni. Ta bar rediyo mai kama tasha ɗaya, da hon mai shaƙaƙƙiyar murya, da gilashin baya na hagu da ba ya sauka sai an lallaɓa shi. Ta bar famfon mai, wanda ya ƙone a wannan rana saboda zuƙar iska, yana can wurin bakanike rai a hannun Allah. Ta bar uwar yara, wadda ba ta ce "ai na gaya maka" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta bar mijin ƙanwata, da ya zo jaje da murmushin da ya kasa ɓoyewa, Allah Ya isa tsakanina da shi.

Kwana uku ina zagin marigayiya a tsakar gida, ina gaya wa duk wanda ya shigo irin cin amanar da ta yi mini. A rana ta huɗu yarinyar ta fito daga ɗaki, idanunta sun kumbura, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, ka bar zaginta haka," ta ce. "Ranar Litinin da yamma ina cikin motar. Na ga ka danna maɓallin nan a kan gangara."

Tunda sanarwa ce, dole a faɗi gaskiya. Akwai wani ɗan maɓalli da ke goge tsohon lissafin Malama ta fara sabo. Akwai kuma doguwar gangara tsakanin wurin aikina da gida. Shekara da shekaru, duk ranar da na san mijin ƙanwata zai zo, ina kaiwa saman gangarar sai in danna maɓallin, in ɗage ƙafa daga totur, mota ta sulalo har ƙofar gida ba ta shan komai. Nan lita shidan take fitowa. Motar nan goma sha ɗaya take sha, na sani, na daɗe da sani. Ranar Litinin ɗin nan mijin ƙanwata ya zo. Da wannan lissafin na gangara Malama ta kwana, da shi ta auna ɗan man da ya rage ta ce sittin da ɗaya. Ni na koya mata ƙarya don in burge mutumin da ko sonsa ba na yi, na wayi gari na yarda da ƙaryar, na ɗora 'yata a kai. Haushin da nake ji yanzu ya fi na ranar Talata, kuma babu abin da zan fasa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe, a juji na bayan garejin bakanike, inda ake zubar da tsofaffin batura. Rewaya zai kwance gawar daga jikin mota, ni zan ɗauka. Ba a buƙatar taro, kuma don Allah kada kowa ya zo yi mini ta'aziyya, ban cancanta ba. Wanda ke da kalma mai daɗi ya kai ta ɗaki na biyu a hannun dama, inda aka sake buɗe littattafai jiya. Na leƙa na ce wa yarinyar baɗi in Allah Ya kai mu tun asuba zan cika tanki. Ba ta ɗago daga littafin ba.

"Ba komai, Baba," ta ce. "Zan bi motar haya."