Buhun Wake Mai Ƙwari a Rumfar Tarawele

Ka taɓa zaga rumfa goma sha ɗaya kana neman wanda zai bar ɗalibanka su taɓa kayansa? Malama Jeneba Jara, mai koyar da adana amfanin gona a jami'a, ta yi haka ranar Laraba a kasuwar garin Segu. Ɗalibanta tamanin da huɗu ne, rukuni goma sha biyu, kuma shugaban sashe ya ce in Juma'a ta yi babu ɗan kasuwar da ya ba su aiki na gaske, darasin zai koma kan allo. Rumfa ta sha biyu ta tsoho Sidiki Tarawele ce, dillalin wake. Zuriyar Tarawele da ta Jara kuwa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na tsokanar ɗaya da cin wake.

Ba ta rufe baki daga gaisuwa ba ya ce, "Lafiya lau, 'yar Jara. Matsa can, kada ki cinye min jari. Ƙanshin wake ya jawo ki."

"Mu da wake? Kakanka a rumbun wake aka haife shi, kakana ya ba shi wandon farko."

Ta zube kan benci, ta faɗi abin da ya kawo ta. Ya yamutsa fuska. Ya ce bara yaranta sun zo da takarda mai tambaya arba'in, sun hana shi ciniki har la'asar, sun shanye masa shayi, ba su sake leƙowa ba. Ba ta musa ba. Rahoton ɗalibai talatin da shida ne jibge a ofishinta, gara kaɗai ke karanta su.

"To bana kai za ka ba su tambayar," ta ce a gajiye. "Rabin makin ma kai za ka bayar."

"Ni da ban iya rubuta sunana ba?"

"Wane Tarawele ne ya taɓa iyawa? Dangwala yatsa. In kuma ka hana ni, kafin magariba kasuwa za ta ji Tarawele ya mayar da Jara hannu wofi."

Wannan kam abin kunya ne ga zuriya. Ya jawo buhu daga lungu ya kwance, ƙwari suka watsu.

"Buhu biyu cikin goma haka suke lalacewa kafin damina. Su hana wannan. In sun kasa, sifili. Har ke."

Sai ya yi dariya, ya auna mata mudu guda. "Riƙe, na san ba ki karya ba. Ƙwarin na bar miki a matsayin nama."

Malam, kafin ka raba aiki bana, je ka tambayi mai rumfa abin da ke cin buhunsa. Gwada ko da rukuni ɗaya.