Makon da Na Kashe Wayata

Ba zan taɓa mantawa da makon jarrabawar ƙarshen zango a shekarata ta biyu a kwaleji ba, ko da duk abin da na rubuta a takardun ya gudu daga kaina (kuma ya gudu ɗin).

A lokacin ni ne mai ba da shawara na ɗakinmu, ba tare da kowa ya naɗa ni ba. Aikin jarida nake karantawa, ni ne kuma mai gabatarwa a duk taron ƙungiyar ɗaliban yankinmu. Na saba jin muryata a lasifika har na ɗauka duk abin da ta faɗa daidai ne. Babbar fatawata ita ce: ɗalibi na ƙwarai yana kashe wayarsa a makon jarrabawa. Ba rage ƙara ba, kashewa ɗungurungum, a jefa ta ƙasan akwati.

Nura, abokin kwanana, ya ce, "To Malam, in gida suka neme ka fa?"

Na ce, "Gida ba sa rubuta jarrabawa."

Aka yi dariya, na ji daɗin kaina.

Gidan da nake magana a kai yana wani ƙauye ne kusa da Bunkure, a bakin babbar magudanar ruwan noman rani. Yaya Sani ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Tumatir da rani, shinkafa da damina, da su nake karatu. Matarsa Anti Rabi ita ke ɗaure mini kauɗa da yaji duk lokacin komawa makaranta, tana tsokanata da "ɗan jarida". Sun daɗe da aure ba haihuwa, har mutane sun gaji da tambaya. Sai a shekarar nan Allah ya ba ta ciki. A kiran ƙarshe kafin in kashe wayar ta ce mini, "Wata ya kama, ɗan jarida. In za ka dawo ka zo da rigar jariri, ba surutu ba."

Na yi jarrabawa hankali kwance. Ranar da muka gama na tono wayar, na tarar batir ya mutu, ɗakin kwananmu kuma ba wuta. Na ce ba komai, ai gida za ni. Na biya kasuwa na sayi 'yar riga da hula da safa, mai shagon ya ƙara mini da abin wasan nan na roba mai kacau-kacau. Ya zuba su a farar leda, irin wadda ake ganin komai na cikinta.

Daga Kura na hau acaɓa. Mai mashin ɗin baƙo ne, bai san ni ba, bai san gidanmu ba. Muka bi gefen ruwa, kwandunan tumatir jere a bakin hanya suna jiran mota. Tun daga nesa na hango ƙofar gidanmu: tabarmi a shimfiɗe, maza cike a inuwar darbejiya. Zuciyata ta ce, ta sauka! Suna ake yi, na kuma iso a kan gaɓa.

Yanzu kam ina iya lissafa abubuwan da ya kamata in lura da su. Ba hayaƙin manyan tukwane. Ba fatar rago a shanye. Ba yara masu rububin alewa. Kusan kowane hannu da carbi. An koya mini lura a aji, har na ci jarrabawa a kanta. Amma na riga na rubuta labarina tun a kan mashin, ban ga dalilin tantancewa ba.

Na diro, na ɗaga ledar sama, na saki muryar nan tawa ta taro:

"Salamu alaikum jama'a! Barkanmu da arziki! Ina angon ƙarnin yake? Yaya, Allah ya raya mana!"

An amsa sallamar, can ƙasa-ƙasa. Sauran maganar ba wanda ya ɗauka, ta tsaya a iska ita kaɗai. Yaya Sani yana zaune kusa da Liman. Ya ɗago ya dube ni, ya dubi ledar, ya mayar da kansa ƙasa.

Kawu Ado, ƙanin mahaifiyarmu, ya kamo gefen rigata. "Zauna," ya ce. Da na durƙusa ya matso da bakinsa kusa da kunnena. "Rabi ta rasu wajen haihuwa. Abin da ke cikin ma bai zo da rai ba. Yau sadakar uku."

Ban san abin da mai hankali zai yi da leda irin wannan a wuri irin wannan ba. Ni dai tura ta na yi ƙarƙashina, na zauna a kanta.

Wasu baƙi suka iso ta'aziyya. Liman ya ce a yi salati, aka ɗaga hannu. Na gyara zama don in ɗaga nawa.

Kacau.

Na daskare. Hawaye na zubo mini, amma ko sharewa na kasa, don duk motsin da na yi sai abin nan ya amsa. Aka shafa fatiha, na sunkuya kaɗan, kacau-kacau. Wani tsoho da idonsa ba ya gani sosai ya juyo ya ce, "Wai wane yaro ne ke wasa a nan? A kai shi cikin gida mana."

Kawu Ado ya miƙo mini hannu. Dole na ɗaga jikina a gaban kowa, na zaro ledar, 'yar hular ta leƙo waje, na ba shi. Ya cusa ta cikin babbar rigarsa ya danne da hannu biyu, kamar mai riƙe da kaza kada ta yi kuka. Haka ya zauna har aka tashi sallar la'asar.

A cikin gida Inna, mahaifiyarmu, ta dube ni da kumburarrun idanu. "Mun kira, mun kira," ta ce, "matar nan ta cikin waya tana ta cewa a kashe take." Ba faɗa ta yi ba. Da faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Daga ranar na shiga wasan ɓuya da Yaya. In ya shigo zaure, in fita ta baya. In ya tsaya a sahun gaba a masallaci, in tsaya a na ƙarshe. Mutumin da ya ciyar da ni ya tufatar da ni, ban ɗauki makarar matarsa ba, ban tsaya kusa da shi a maƙabarta ba, sannan na zo na yi masa shela a ƙofar gida. Na tabbata ko ya yafe, ba zai ƙara son ganin fuskata ba. Na tsara jawabin ban-haƙuri a kaina, da gabatarwa da kammalawa, na kasa isar da shi.

Sai ranar ban-ruwan gonarsa ta zagayo. Ruwan rabo ba ya jiran mai makoki. In layinka ya wuce, tumatir ya sha rana. Da safe ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Ɗauko bututan nan mu je."

Muka jera su a bakin magudana. Yana cika kowanne da ruwa, ya toshe da tafin hannu, ya kifa shi cikin kunyar tumatir, ruwa ya kama gudu. Ni ina miƙa masa. Can na ce, "Yaya, ni dai..." Jawabin ya watse gaba ɗaya.

Bai ɗago ba. "Yaya jarrabawar?"

"Alhamdu lillahi."

"To madalla. Kawu ya so a tura mutum Kano a ɗauko ka, ni na hana. Na ce a bar shi ya gama, zuwansa ba zai tashe ta ba." Ya kifa wani bututun. Ya daɗe yana kallon ruwan yana bin gindin tumatir. Sannan ya ce, "Ka san wani abu? Shekara da shekaru ina jiran ranar da wani zai kira ni angon ƙarni. Duk garin nan ta'aziyya suka yi mini. Kai kaɗai ka yi mini barka."

Ya goge fuskarsa da hannu mai laka. "Miƙo na gaba, ruwa na wucewa."

Na miƙa. Ban ƙara cewa komai ba, kuma ina jin wannan ne aikin jarida mafi kyau da na taɓa yi.

Sakamako ya fito, na ci komai da maki mai kyau, ban taɓa jin daɗin kallonsa ba. Har yau ɗalibai kan tambaye ni dabarar karatun jarrabawa (na sha gaya musu na tuba daga ba da shawara, amma ba su yarda ba). Abin da nake ce musu kaɗan ne. Ka rage wa wayarka ƙara in ka so, amma ka bar wa gida ƙofa ɗaya a buɗe, ko da lambar abokin kwananka ce. In kuma ka iso gida ka tarar da tabarmi a waje, yi sallama ka ja bakinka. Sallama ta dace da suna, ta dace da makoki. Sauran bayani, bari wani ya fara.