Jifan Mujiya a Gaban Mudir

Ba na jin zan taɓa mantawa da wata safiyar Juma'a a hunturun Riyad, ko da na so. Har yau in ta faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Lokacin ina tuƙi a wani kamfanin robobi da ke unguwar masana'antu ta biyu, ina kwana a unguwar Batha, ɗaki ɗaya da wani Bakatsine, Sani. Na sayi tsohuwar kyamara a hannun wani ɗan Bangladesh da zai koma gida, na riƙa ɗaukar tattabarun kan rufin sito da magen bakin ƙofa. (Rashin abin yi ne kawai, amma ni a raina na riga na zama gwani.) Wata rana mudir ɗinmu, wato manajan kamfanin, Abu Fahad, ya tarar da ni a mota ina duba hotunan. Ya karɓa ya duba, ya ce ina da ido. Shekaruna nawa a ƙasar nan babu wanda ya taɓa cewa ina da komai, in ban da lasisi da iƙama, wato katin izinin zama.

Ashe shi ma mayen ɗaukar hoton tsuntsaye ne. Ya ce akwai wasu ƙananan mujiyoyi da ba sa zuwa sai da sanyi, suna yini suna barci a bishiyoyin ƙaya a wani kwari kudu da gari, kuma ranar Juma'a zai je da abokansa. "Ka zo da kyamararka," in ji shi. Har ya ƙara da cewa kamfani na neman wanda zai riƙa ɗaukar hoton kaya don talla, mu gani.

Da na ba Sani labari, kallona ya yi. "Malam, mujiya fa ka ce. Mutane na neman tsari da ita, kai kuma ka wanke riga za ka je gaishe ta?" Na ce masa hassada ce.

Bayan asuba na kwashe su a motar mudir. Cikinsu akwai wani dattijo, Abu Nasir, wanda ya taso tun daga Dammam saboda tsuntsayen nan kaɗai. A hanya suka ba ni gahawa da dabino, suka tambaye ni tsuntsayen ƙasarmu. Na yi ta zuba da guntun Larabcina, har da waɗanda ban taɓa gani ba.

Muka bar mota nesa, muka taka a hankali, sanyi na ratsa mini yatsu. Abu Fahad ya nuna wata bishiya. Ni dai ɓawo kawai nake gani. Sai da na ƙura ido sannan na gane su: biyu ne, sun manne da gindin reshe, launinsu da na itacen ɗaya, idanu a rufe. Kowa ya kafa kyamararsa can baya, aka yi tsit.

Aka jima. Aka ƙara jimawa. Ƙafafuna suka yi tsami, mujiya ko motsi. Sai na ji Abu Fahad ya yi ajiyar zuciya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Da ma ɗaya za ta buɗe ido."

To nan ne. Duk wanda ya daɗe yana yi wa wani aiki ya san yadda kunne ke komawa. In mudir ya ce akwai zafi, hannunka ya riga ya kai kan makunnin sanyi. In ya ce da ma akwai shayi, kana hanyar shago. Ban yi tunanin komai ba. Na sunkuya na ɗauki tsakuwa. (Ina yaro a Gumel ba a kai ni iya jifa ba, kuma ashe hannu bai manta ba.) Na auna reshen na sake ta, ta sauka daidai ƙarƙashin ƙafafunsu.

Sun buɗe ido kuwa. Na ga ruwan ɗorawar idanun nan sarai, na juya ina murmushi na ce, "Shi ke nan, mudir, ga shi."

Kafin in rufe baki sun tashi. Suka fita fili cikin hasken rana suna tangaɗi kamar waɗanda aka watsa wa ruwa a barci, hankaki suka taso daga ko'ina suka bi su da sara da ihu, har suka ɓace bayan dutse.

Babu wanda ya zage ni, da ma sun zaga. Abu Nasir ya dube ni, ya dubi Abu Fahad, ya tambaye shi a hankali, "Wannan direbanka ne?" Abu Fahad ya ce, "Eh, direba ne." Dattijon ya ce mini, "Allah ya shirye ka, ɗana. Da dare kwana suke suna farauta, wannan ne kaɗai hutunsu." Ya fara naɗe ƙafafun kyamararsa.

Ni kuma na tuƙo su zuwa gida. Ba gahawa, ba hira, sai ƙarar taya. Kyamarata na rataye a wuyana, ko murfinta ban cire ba.

Abin bai tsaya nan ba. Ashe ɗaya daga cikinsu bidiyo yake ɗauka, ya kama sunkuyawata da jifan da murmushin nan nawa. Suka sa a zaurensu na waya na masu ɗaukar hoton tsuntsaye don jan kunne. Ban san ta ina ya biyo ba, har ya iso wayar Sani. Ya kalla a gabana, bai yi dariya ba, ya ce, "Kai, amma jifan ya yi kyau." Wannan ya fi dariyar ciwo.

Abu Fahad bai kore ni ba. Ya ci gaba da amsa gaisuwata kamar kullum. Na ji daga baya cewa sun koma kwarin sau da yawa, mujiyoyin ba su sake sauka a bishiyar ba har sanyi ya wuce. Aikin hoton kaya kuwa aka ba wani ɗan Masar, ni nake kai shi sito in jira shi a mota.

Abin da na koya? In babba ya yi fata a gabanka, ka taya shi da amin, ka bar hannunka a aljihu. Yanzu ko cewa mudir ya yi da ma a yi ruwa, sama nake kallo tare da shi.