Jadawalin Malam Sallau

Wannan abu a makarantarmu aka yi shi, ina tsaye a wurin, don haka kada wani ya ce na ƙara gishiri. Sakandaren jeka-ka-dawo ce, a wani gari da ba zan faɗi sunansa ba, saboda har yanzu a can nake cin abinci.

Muna da wani dattijon malami, Malam Sallau, mai koyar da labarin ƙasa. Shekara goma sha bakwai shi ke tsara mana jadawalin darussa, kuma kayan aikinsa ba su wuce faffaɗan kwali da fensir da wata kilina da ta cinye har ta koma kamar ƙwayar gyaɗa ba. Wanda bai san aikin ba zai ɗauka jera sunaye ne kawai a gidaje. Malam Sallau kuwa ya san Malam Barau ba ya ganuwa ran Alhamis, don ranar ce kasuwar awaki ke ci a ƙauyensu, kuma da awakin yake riƙe gida. Ya san mai shayarwa ba a ba ta darasin farko. Akwai wasu malamai biyu da ba sa ga-maciji, bai taɓa haɗa su a azuzuwan da ke jingine da juna ba. Ni kaina ina cikin masu cin arzikin, don ba ni da aji Litinin da safe, saboda daga garinmu nake tahowa, motar garinmu kuwa sai ta cika maƙil take tashi. Duk wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba, yana cikin kan tsohon.

Sai aka kawo mana sabon firinsifal, Alhaji Mamuda, mutum mai son zamani a baki. Ba ya jera magana uku bai sako kalmar kwamfuta ba. Watansa na farko ya sa aka kai keken rubutun ofis sito, ya ce kayan tarihi ne. Da ya ɗaga kai ya ga kwalin Malam Sallau a bangon ɗakin malamai, sai ya ɓata rai kamar ya ga ƙazanta. A taron ƙarshen zango ya miƙe ya ce akwai masu raba darasi kamar suna raba naman layya, wannan a ba shi tsoka, wancan a ba shi ƙashi. Bai kama suna ba, amma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake.

Bayan taro ya kira Malam Sallau ofis ya fayyace masa. Ma'aikatar ilimi ta shirya bitar kwamfuta ta mako biyu a cikin hutu, kuma sunansa ne na farko. In aka dawo hutu jadawali bai fito daga cikin kwamfuta ba, ba alfarma, ba sanayya, to zai miƙa sunansa cikin waɗanda za a yi wa canjin wurin aiki. Makarantar da ke neman malamin labarin ƙasa kuwa ɗaya ce, wadda muke kira Tsallake, don da damina sai da kwalekwale ake zuwa. Malam Sallau saura shekara biyu ya yi ritaya, gwiwarsa ta dama ba ta lanƙwasuwa sosai, gidansa kuma yana bayan katangar makarantarmu. Ya fito daga ofis yana ɗingishi. Na ji tausayinsa ƙwarai, kuma ba zan ɓoye ba, na ji tausayin safiyar Litinin ɗina.

Mu bakwai muka je bitar daga makarantarmu. In kana son ganin abin dariya, tara malamai ka mayar da su ɗalibai. Masu tsare ƙofa da bulala don 'yan makara, su ne ke shigowa ƙarfe goma suna saɓa babbar riga. Masu cewa ɗalibin banza ne ke zama a baya, su suka yi rige-rigen kujerun baya. Firinsifal ya zo ranar buɗewa, ya yi jawabi a kan cewa jahilin wannan zamani shi ne wanda bai iya kwamfuta ba, aka ɗauki hoto, ya shiga mota. Ba mu sake ganinsa ba sai ranar raba takardar shaida.

Mai koyarwar wata mata ce, Hajiya Lantana, ba ta dariya sai da dalili. Ranar farko ta ce kowa ya kama maus, ɗan abin nan da ake ja a kan tebur kibiya ta riƙa yawo a fuskar kwamfuta. Malam Sallau ya ja shi, ya ja shi, har ya kai bakin tebur kibiyar ba ta isa inda yake so ba, sai ya ci gaba da ja a kan cinyarsa. Rubutu kuwa da yatsa ɗaya yake yi, sai ya sauke tabarau, ya nemo harafi, ya danna, ya ɗaga kai ya tabbatar ya fito, sannan ya tafi neman na gaba. Sunansa kaɗai ya cinye masa kusan minti goma. Muka yi ta ƙyaƙyata dariya daga kujerun baya, mu da ba mu rubuta ko harafi ɗaya ba.

Rana ta huɗu ya wuni yana shigar da sunayen malamai, ya kai na ashirin da shida, aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta ya tarar da fuska fara fat, ko suna ɗaya babu. Ya tambayi Hajiya Lantana inda suka tafi. Ta tambaye shi ko ya adana, ya ce ai ya ga suna nan a zaune, bai san sai an ce musu su zauna ba. Ta nuna masa yadda ake yi. Tun daga ranar, ko harafi biyu ya rubuta sai ya adana, har maƙwabcinsa ya ce zai huda madannin.

A mako na biyu aka shiga manhajar nan mai layi-layi da gidaje kamar gidan dara. Mu a nan muka sallama. Ni dai na gano akwai wasan karta a cikin kwamfutar, kuma a kansa na ƙare bitata. Sauran biyar ɗin suna zuwa ne dab da lokacin shinkafa. Malam Sallau kuwa da ya ga gidajen nan sai idonsa ya buɗe, don kwalinsa ne aka sa wa wuta. Ba rula, ba gogewa har takarda ta huje. Da Hajiya Lantana ta nuna masa yadda na'urar ke tara wa kowane malami yawan darasinsa na mako a gefe guda, sai ya jingina da kujera ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ta ko ita na'urar ce ke zaɓar wa kowa lokacinsa. Ta ce a'a, abin da ka zuba mata shi take riƙewa, iyakarta ta ƙirga ta kuma nuna maka in ka yi karo. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gane.

Dole ƙanwar na ƙi. Mutumin da Tsallake ke jira ba ya wasan karta. Ranar rufewa duk aka ba mu takardar shaida iri ɗaya, har da firinsifal, wanda aka fara kira aka yi masa tafi. Amma a cikinmu mutum ɗaya ne zai iya buɗe shafi ya rubuta abu ya fitar da shi a takarda.

Ana jibi komawa makaranta Malam Sallau ya kai jadawali ofis, fes, an buga shi a farar takarda, layuka a miƙe. Firinsifal ya riƙe shi yana murmushi kamar shi ya haife shi. Shi a zatonsa sunaye ake zuba wa kwamfuta ta raba darussa da kanta, Malam Sallau kuma bai ga dalilin gyara wa shugabansa fahimta ba. Ya tambaya ko an bi ƙa'ida sak, aka ce masa sak. Bai karanta ba. Ya sa hannu, ya doka hatimi, ya aika kwafe ɗaya ofishin shiyya tare da saƙon baka cewa makarantarsa ce ta farko da ta shiga zamani.

Ran Litinin na iso ƙarfe tara saura, a guje, na tarar an riga an rubuta sunana cikin waɗanda suka bar aji ba malami. Na duba bango, ashe darasin farko aka ba ni. Ɗakin malamai ya kaure. Malam Barau yana da darasi huɗu ran Alhamis, mai shayarwa za ta shiga aji ƙarfe takwas sau uku a mako, su kuma biyun nan da ba sa ga-maciji bango ɗaya ya raba su. Aka taso wa Malam Sallau, ya ce shi umarni aka ba shi, mai ƙorafi ya san ƙofar ofis. Sai muka ɗunguma gaba ɗaya, shi ma ya biyo mu a baya yana ɗingishi, da kwamfutar makaranta a hammata.

Firinsifal ya saurare mu yana kaɗa ƙafa, da alama abin ya yi masa daɗi. Ya ce ai dama ya san za a yi haka, wanda ya saba da tsoka dole ya yi kuka in an raba daidai. Ya ce kwamfuta ba ta da ɗan'uwa, ba ta da aboki, ba ta zuwa kasuwar awaki.

"Duk wanda ta ba aji, ya shiga," in ji shi. "Wanda ba zai iya ba, ga hanyar Tsallake nan a buɗe."

Mataimakiyarsa, Malama Uwani, tana gefe da takardar a hannu tun ɗazu tana bin ta da yatsa. Mace ce mai sanyin murya, kuma a sanyaye ta ce, "Ranka ya daɗe, to kai ma kana da lissafi a ajin ƙarshe yau, ƙarfe tara da minti ashirin."

Ya fizge takardar. Ga sunansa nan ɓaro-ɓaro, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, duk da safe.

A nan ne mu ma muka san abin da ba mu taɓa sani ba. Ashe a ƙa'idar aikinmu shugaban makaranta yana da darasi huɗu a mako, kuma shekara goma sha bakwai Malam Sallau yana rubuta wa kowane firinsifal nasa. Sai dai biyu yakan ajiye su ran Laraba a lokacin wasanni, biyu kuma a ƙarshen ran Juma'a, sa'ad da kowa ya watse shirin masallaci. A takarda lissafi ya cika, a aji kuwa ba wanda ya taɓa jiran firinsifal. Wato duk makarantar nan babu wanda ya kai mai ofishin cin tsoka. Shi Alhaji Mamuda kuwa rabonsa da riƙe alli an fi shekara goma.

Ya dubi Malam Sallau ya ce kwamfutar ta yi kuskure, a cire sunansa yanzu. Malam Sallau ya russuna ya ce cirewa ba wuya, amma kwafen da ke ofishin shiyya da sa hannu da hatimi fa? In sun zo duba aiki, da wancan za su zo.

Firinsifal ya miƙe tsaye, hularsa ta karkace. Ya ce wannan makirci ne da rainin wayo, kuma yau ba gobe ba zai rubuta takardar da za ta kai Malam Sallau Tsallake. Ya jawo takarda, ya zare biro. Na ga da gaske yake.

Malama Uwani ta sake yin gyaran murya. Ta tuna masa cewa daga wannan zangon ofishin shiyya ya daina karɓar wasiƙar hannu, ko takardar neman hutu ce sai bugaggiya, kuma shi da kansa ya yaba wa tsarin a wurin bita.

Ya ajiye biro. Ya ce to, cikin waɗanda suka je bita wani ya zo ya buga masa. Ya dubi Malam Barau, Malam Barau ya dubi silin. Ya dube ni, na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kau da kai. Tasa takardar shaidar tana rataye a bango a bayansa cikin gilashi, amma ba wanda ya yi ƙarfin halin kallon wajen.

Sai Malam Sallau ya ja kujera a hankali, ya zauna, ya miƙe gwiwar nan tasa, ya buɗe kwamfuta a kan teburin firinsifal. Ya sauke tabarau, ya ɗaga yatsansa ɗaya.

"Bismilla, ranka ya daɗe, faɗi in buga maka. Sai dai a taƙaita, saura minti biyar ka shiga aji."